Gani da ji: nazarin bangon gilashi a wani ofishin Hajji da Umara a Katsina

Ofishin da nake aiki yana saman bene, a wani jerin shaguna da ke kan titin IBB a cikin Katsina. Harkarmu Hajji da Umara ce: karɓar fasfo, neman biza, yankan tikitin jirgi, kama masauki a Makka da Madina. Mu tara ne har da maigadi. Nauyin da ke kaina shi ne gudanar da ofis, tun daga man janareta har kujerar da baƙo zai zauna a kai. Ba zan kama sunan kamfanin ba, haka ma masu aikin da suka yi mana gyara. Abin da nake so in shimfiɗa shi ne yadda muka cire shamakin filawud muka sa na gilashi, abin da hakan ya gyara mana, da abin da ya kusa ɓata mana kafin mu farga.

Yadda wurin yake kafin gyara

Wurin falo ne guda ɗaya dogo, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 7, tagoginsa uku kuma dukansu a bangon gabas suke, ɓangaren titi. Wanda ya riga mu haya ya kawo kafinta ya yanka ɗakuna uku da filawud a jikin wannan bangon, kowane ɗaki ya tafi da taga ɗaya. Da muka shigo sai Alhaji, mai kamfanin, ya ɗauki ɗaya, akawu da kashiya suka ɗauki ɗaya, na ukun ya zama ɗakin biza inda ake ɗaukar hoto da cike takardu. Sauran ma'aikata huɗu da duk baƙin da ke jira suka rage a tsakiya, inda ko ƙyallin rana ba ya kaiwa. Ƙarfe goma sha biyun rana, a garin da rana ke dukan mutum kamar da gayya, mu muna ƙarƙashin ƙwan lantarki. In KEDCO ta ɗauke wuta, sai duhu ya rufe falon har mutum ba ya iya karanta lambar fasfo. Dole a tada janareta, ko da kuwa babu wani aikin da ake yi sai karɓar baƙi.

Mun daɗe muna haƙuri da haka saboda a lokacin fetur yana da sauƙi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, cikin kwanaki kaɗan lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500 a nan Arewa. Ni ke rubuta kuɗin mai a littafi, don haka ni na fara jin zafin. Na je na sami Alhaji da littafin, na ce masa, "Ranka ya daɗe, rabin man nan haske muke saya da shi, ga shi kuma Allah ya ba mu rana kyauta a bayan katako."

Sai dai ba kuɗin mai ne ya sa Alhaji ya amince ba. Wata rigima ce da ta faru 'yan watanni kafin nan, wadda har yau ba na son tunawa da ita. Wani maniyyaci ya zo ya ce ya ba ɗaya daga cikin ma'aikatanmu kafin alƙalami na kujerar Umara, kuɗi a hannu, a cikin ɗakin biza, ƙofa a rufe. Ma'aikacin ya ce fasfo kawai ya karɓa. Babu rasit, babu shaida, babu wanda ya ga shigar kuɗi ko fitarsu. Aka kai har ga rantsuwa. Alhaji ya biya mutumin daga aljihunsa don a kashe wutar, amma yaron bai sake sakin jiki da mu ba, bayan wata biyu ya ajiye aiki. Zato zunubi ne, kuma duk mun ɗauki wannan zunubin a kansa ba tare da mun san gaskiya ba. Da akwai ido ko guda ɗaya a kan teburin nan a wannan ranar, da an huta.

Akwai kuma matsalar mata, wadda kullum muke fama da ita. Yawancin masu zuwa Umara a wurinmu mata ne, daga cikin gari da Jibiya da Mani da Dutsin-ma da Daura. Mace za ta shiga ɗakin biza a ɗauki hotonta, ma'aikacin kuma namiji ne. In an rufe ƙofa, mijinta ko ɗanta da ya rako ta ya ɓata rai, kuma yana da gaskiya. In an bar ta a buɗe an tokare da kujera, sanyin na'ura ya tsere. Mafitar da muka samu ita ce Malama, mace ɗaya tilo da ke karɓar baƙi, ta riƙa barin teburinta tana shiga ta tsaya. A watan Sha'aban, lokacin rububin Umarar azumi, takan yi wannan zirga-zirgar har ƙafarta ta kumbura.

Shawarar da aka yanke

Hanyoyi uku aka ajiye a gaba. Ɗan Alhaji, wanda bai daɗe da gama jami'a ba, ya ce a rushe komai kowa ya zauna a fili ɗaya, haka manyan kamfanoni ke yi. Na ƙi wannan, kuma ina da hujja. A 2018 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard ta Amurka, Ethan Bernstein da Stephen Turban, sun bibiyi ma'aikatan wasu manyan kamfanoni biyu kafin a cire musu shamaki da kuma bayan an cire. Abin da suka gano ya saɓa wa zaton kowa: maganar baki da baki ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, mutane suka koma aika wa juna saƙo. Wanda aka tsirar a fili yakan nemi wata hanyar ɓuya. Balle mu da aikinmu ya ƙunshi kuɗin mutane da sirrinsu.

Akawu shi kuma ya ce a gina bulo a huta da gara, don lallai gara ta cinye ƙasan filawud ɗin, kyankyasai kuma sun mayar da cikinsa gida. Mai ginin ya ce atafau ba za a ɗora masa bulo a tsakiyar daɓen bene inda babu ginshiƙi a ƙasa ba. Shi ma yana da gaskiya. Bangon bulo mai inci 6, in an shafe shi da siminti ciki da waje, kowace murabba'in mita tana haura kilo 200. Gilashi kuwa lissafinsa a fili yake: kowace milimita ta kauri tana da nauyin kilo 2.5 a murabba'in mita, wato mai milimita 10 kilo 25 ke nan. Ga kuma wurin da bulo ke ci, kusan inci 7 in an haɗa da shafe, alhali firam ɗin alminiyum bai wuce inci 2 ba. Kuma dai bulo ba zai dawo mana da hasken ba. Haka aka tsaya a kan gilashi.

Mai aikin da muka ɗauko ya san sana'arsa ta fuskar alminiyum, amma tun ranar awo na koyi abin da ban sani ba. Gilashin da ya dace da bango shi ne gasasshe, wanda masu sana'ar ke kira tamfad. Ana zafafa shi a masana'anta har ya haura digiri 600, sannan a sanyaya shi da iska farat ɗaya. Wannan ke sa ya ninka gilashin taga ƙarfi kamar sau huɗu, in kuma ya fashe sai ya ruguje ƙanana kamar tsakuwa, maimakon ya tsage dogo kamar wuƙa. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: da zarar an gasa shi, ba a yanka shi, ba a huda shi. Duk ramin makulli da na mariƙin ƙofa sai an yi su kafin ya shiga wuta. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin ido bai san komai ba, tef ne kaɗai abin yarda.

Mun ga haka a aikace. An yi odar gilasan ta hannun wani dila a Kano, suka iso a bayan mota an jera su a tsaye an cusa kwali a tsakaninsu. Kowane fai faɗin mita 1 ne, mutum huɗu ke cicciɓarsa a matattakalar benen da ko mutum biyu ba sa gittawa a sake, ana ta "a hankali da kusurwa, a hankali da kusurwa", don ƙarfin tamfad a fuskarsa yake, gefensa kuwa ƙwanƙwasa ɗaya a jikin siminti ta isa ta rugurguza shi. Da aka zo kafa na ƙarshe sai ya ƙi shiga. Ashe daɓen ya ɗan tashi ta wajen bangon kudu, kamar kaurin yatsa ɗaya, mai awo kuma wuri ɗaya ya auna ya ɗauka ko'ina haka ne. Sati biyu muka yi da gibi a bangon akawu, an rufe da labule, kafin wani fai ya iso.

Abin da ya gyaru

Safiyar farko da na shigo bayan an gama, na kai hannu zan kunna fitila kamar yadda na saba, sai na ga babu buƙata. Rana ta shigo ta tagogi ukun, ta ratsa ɗakunan, ta faɗo har kan bencin baƙi da ke jikin bangon yamma. Malama ta ɗaga wani fasfo tana karanta lambarsa daga inda take zaune, ta ce, "Malam, ashe fentin ofishin nan ruwan madara ne? Ni duk zamana na ɗauka ruwan toka ne." Tun daga ranar, in an ɗauke wuta da safe ba ma tada janareta sai in akwai abin bugawa, ko zafi ya kai a kunna fanka. Kwamfutocinmu na hannu ne, batirinsu yana kai mu wani lokaci. Ba zan ce gilashi kaɗai ya rage mana kuɗin mai ba, don daga baya mun ƙara ɗan ƙaramin sola, amma shi ya fara cire mana kunna inji don kawai mu ga fuskar juna.

Babban abin da ya sauya shi ne zargi. Yanzu duk wanda zai biya kuɗi yana zaune gaban kashiya, mutum biyar ko shida suna hangen hannunsa da hannun mai karɓa, suna ganin an yago rasit an miƙa. Ba wanda aka ɗora wa aikin sa ido, ido ne kawai ya samu hanya. Ma'aikatan da na yi tsammanin za su ji an takura musu, su suka fi kowa murna, saboda sun ga abin da ya sami abokinsu. Mutumin kirki ma yana buƙatar shaida. Na kan tuna abin da ya zo a Bukhari da Muslim, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake raka matarsa Safiyya da dare, wasu Ansar biyu suka wuce suka ƙara sauri, ya tsayar da su ya shaida musu cewa Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. In wanda ya fi kowa tsarki ya toshe ƙofar zato da kansa, ina ga ɗan ofis mai karɓar kuɗin jama'a.

Matsalar ɗakin biza ma ta kau. Alhaji ya tambayi wani malami da yake ɗaukar karatu a wurinsa, malamin ya ce abin da ake gudu shi ne keɓewar da babu mai ganin mutum biyun. Yanzu Hajiya tana ciki ana ɗaukar hotonta, ƙofa a rufe, sanyi bai fita ba, ɗanta yana kan benci yana kallonta. Malama ta zauna a teburinta.

Wani abu kuma ya biyo baya wanda ban yi lissafinsa ba, kuma shi ya fi faranta mini rai. Da, in baƙo ya zo neman Alhaji a lokacin da ba ya son ganin kowa, sai a ce wa yaro ya ce ba ya nan. Ƙarya ce ƙarama da muka saba da ita har mun daina jin nauyinta, a ofishin da ke kai mutane ɗakin Allah. Gilashi ya kashe ta. Ga Alhaji can zaune, kowa na ganinsa. Dole muka koyi faɗin gaskiya: yana nan, amma yana da baƙo, sai bayan la'asar. Da farko abin ya dame shi, don duk mai neman taimako da ya hango shi sai ya nufi ƙofar kai tsaye. Daga baya ya ware lokacin ganin jama'a, ya ce ai haka iyayenmu suke yi, maigida ya fito zaure kowa ya san ya fito, in ya shiga cikin gida kowa ya san ya shiga.

Inda muka yi kuskure

Wannan sashen ne dalilin da ya sa na zauna rubutun nan, don duk mai tallar gilashi zai gaya maka haske da kyau, kaɗan ne za su gaya maka maganar kunne.

Don iskar fanka ta riƙa zagayawa, mai aikin ya ba da shawarar a tsayar da gilashin a mita 2.1, a bar sarari tsakaninsa da silin. Muka yarda, har muna ganin an yi mana dabara, ga ragin kuɗi. Wata ranar Talata wani dattijo daga wajen Mani ya shiga wurin Alhaji, aka rufe ƙofa. Ina zaune a falo, tsakanina da su ya kai taku takwas, amma ina jin kowace kalma kamar a kunnena ake faɗa. Yana cewa gonar gado ya sayar don ya kai mahaifiyarsa Umara kafin ta rasu, kuɗin ba su kai ba, 'yan'uwansa ba su san ya sayar ba, yana roƙon a yi masa sassauci zuwa bayan girbi. A kan benci kuwa akwai wani mutumin garinsu da suka hau mota ɗaya. Na ga ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Da dattijon ya fito suka haɗa ido, ya gane. Ya tsaya a gabana, muryarsa na rawa, ya ce, "Ɗana, da na san a tsakiyar kasuwa nake magana, da ban buɗe baki ba."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifinmu ne." Ban sami abin ƙarawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙofar da aka rufe ita ta yaudare shi. Ya ga an rufe, ya ɗauka an sirranta. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, mutumin nan ya riƙe maganarsa tun daga gida, ya zo ya sauke ta inda ya yarda da mu, mu kuma muka watsa ta. A wurin Bahaushe rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne, shi muke roƙo a kowace addu'a. Ofishin da ya samu haske ya rasa rufin asirin baƙonsa bai ci riba ba. Gani daban, ji daban. Muna so a ga hannun da ke karɓar kuɗi, ba ma so a ji bakin da ke faɗin talaucinsa.

Da na bincika sai na fahimci yadda sauti yake. Kamar ruwa ne, duk inda ya samu kafa nan yake bi. Gilashi mai milimita 10 ko 12 shi kansa yana iya tare desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 30 da 'yan kai, wanda ya isa ya mayar da magana ta yau da kullum gunaguni, amma sai in an toshe ko'ina. Gibin da ke sama, tsagar da ke tsakanin fai da fai, ƙasan ƙofa, duk suna zubar da wannan amfanin. Muka sake kiran mai aikin. Aka ƙara gilashi daga mita 2.1 har silin a ɗakin Alhaji da na akawu. Aka bi duk mahaɗa da silikon. Aka sa roba a kewayen ƙofofi da wani ɗan gashi mai share ƙasa a gindinsu. Duk da haka magana ta ci gaba da fita kaɗan-kaɗan, sai da wani yaron mai aikin ya ɗaga fai ɗaya na silin ya leƙa, ya ce, "Yallaɓai, ai sama a haɗe take." Sautin yana hawa ta silin ɗin ɗaki ya sauko ta na falo. Aka toshe saman da allo da audugar rufi daidai kan layin bangon. Ranar da aka gama, na sa akawu ya shiga ya karanta jarida da ƙarfi, na zauna inda mutumin Mani ya zauna. Ina ganin bakinsa na motsi, ina jin amo, ban tsinci kalma ko ɗaya ba.

Gyaran ya zo da nasa kuɗin. Ɗakin da aka toshe ko'ina ba ya shan iskar fankar falo, a watan Afrilu kuma, lokacin da zafin Katsina ke kaiwa digiri 40, ya zama tanda. Sai da aka sa wa ɗakin akawu tasa na'urar sanyaya ɗaki. Da tun farko mun kai gilashin sama, da aikin bai zama biyu ba. Wanda duk zai yi irin wannan, in yana da hali, ya tambayi gilashi mai ruɓi biyu da aka manne da leda a tsakiya. Ya fi tare sauti, in ya fashe kuma ledar na riƙe shi.

Kuskure na biyu na araha ne, kuma araha ba ta ado. Ƙofar ɗakin biza mai firam ce, sai mai aikin ya sa mata gilashin taga na gama-gari, bai gaya mana ba. A ido ba ka bambanta su. Da iskar farkon damina ta taso wata la'asar, irin mai zuwa da jar ƙura kafin ruwa, taga na buɗe, ƙofar ta bugu da ƙarfi. Gilashin ya tsage dogaye, wani yanki kamar takobi ya zube ya yanki masinjanmu a dantse, sai da aka yi masa ɗinki. Da yaro ne a wurin, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Tun daga nan na koyi duba kusurwar kowane fai, don gasasshen gilashi yakan zo da ɗan tambari a can. In babu, akwai wata dabara: ka sa tabarau mai kashe ƙyalli ka dube shi a cikin rana, za ka ga wasu inuwoyi kamar zanen damisa a jikinsa, alamar ya shiga wuta.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Wani tsoho ya taho da saurinsa ya gwabza goshi da bangon akawu, don an goge shi tas bai ga komai a gabansa ba. Wannan ba ƙauyanci ba ne, a farkon 2018 ma'aikatan kamfanin Apple a sabuwar hedikwatarsu da ke Kalifoniya sun yi ta karo da bangon gilashi har ana kiran motar asibiti. Muka manna leda mai hazo a tsakiyar kowane bango, daga kusan ƙugu zuwa kafaɗar mutum a tsaye, da wani siririn layi a ƙasa daidai idon yara. Ledar ta yi mana aiki biyu, don ta kuma rufe fuskar kwamfuta da takardun da ke kan tebur. A ɗakin akawu da kashiya kaɗai muka ɗaga ta sama kaɗan don hannu da rasit su ci gaba da bayyana. Kwamfutocin ma an juya su suna kallon bango. Fasfon mutum da lambar wayarsa amana ce, kuma tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya da ta ɗora wa irinmu alhakin tsare su. Akwatin ajiyar kuɗi an mayar da shi inda mai hawowa bene ba zai hango ba, ƙidayar kuɗin yamma kuma sai an sauke labule. Halin tsaron da jiharmu ke ciki bai bar wa kowa damar baje kuɗi a gaban taga ba.

Malama ce ta nuna mana abin da mu maza ba mu gani ba. Bayan sati ɗaya da gama aiki ta same ni ta ce, "Malam, yanzu ina zan gyara hijabina? Ina zan yi salla? In na dawo daga haihuwa, ina zan shayar?" Da, ɗakin biza take shiga in babu kowa. Mun haskaka ko'ina mun manta cewa akwai abin da sutura ce hakkinsa. Gidan Bahaushe ma da ya yi zaure a buɗe, ai ya karkata ƙofar ciki don kada idon baƙo ya zarce tsakar gida. Aka yanki wani lungu a ƙarshen falon, wajen da ba ya tare hasken kowa, aka rufe shi da allo mai kauri har sama, aka sa ƙofar katako da sakata, aka shimfiɗa darduma. Mata maniyyata ma yanzu can suke shiga su kintsa kafin hoto.

Sai hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta raga wa gilashi, kafin azahar ka rubuta sunanka da yatsa a jikinsa. Filawud yana ɓoye datti, gilashi yana tona shi, ga sawun hannun yara a ƙasa-ƙasa. Mai shararmu ya fara da goge shi da busasshen tsumma, muka ga siraran zane suna fitowa, don ƙurar hunturu akwai yashi a cikinta. Yanzu sai ya fesa ruwa ya jiƙa ta, ya sauke da roba mai jan ruwa, sannan ya bi da tsumma mai laushi. Ƙofa ɗaya da muka yi mai zamewa a kan layin dogo, kullum ƙura na cika hanyarta tana cijewa, ita ma sauti na bi ta gefenta fiye da sauran. Hasken safe kuma da muke murna da shi, daga ƙarfe bakwai zuwa tara yakan yi yawa har ya kashe ido a fuskar kwamfuta, sai muka sa labule mai ratsi-ratsi a tagogin, ana karkata shi da safe a buɗe in rana ta ɗaga.

Dattijon Mani ya dawo bayan girbi ya cika kuɗinsa. Na shigar da shi wurin Alhaji da kaina, na rufe ƙofar, na nuna masa robar da ke kewaye da ita da inda gilashin ya haɗe da silin. Ya ɗaga kai ya duba, ya sa yatsa ya taɓa robar, bai ce komai ba. Na koma falo na zauna. Na ga sun daɗe suna magana, na ga Alhaji ya yi dariya, na ga an miƙa masa rasit ya ninke ya sa a aljihun gaba. Mahaifiyarsa ta tafi Umara a watan Rajab. Ƙofar mai zamewa ita ta rage mana, mun riga mun auna wurin sau uku, sama da tsakiya da ƙasa, za a canza ta da mai buɗewa kafin rububin Sha'aban.